Rumfunan Tuwon Birni da Shaidar Kakana

Akwai wani wari da ke shigowa ta tagar ɗakina kullum da hantsi, tun da aka buɗe gidan abinci a bayan katangarmu a nan Dutsin-Ma. Ba ƙamshin girki ba ne, kada mai karatu ya ɗauka ina ƙorafi a kan abin alheri. Warin manja ne da aka bari ya ƙone, haɗe da na ruwan wanke-wanke da ya kwana a daro. Jikokina sun ce su ba sa jin komai. Ni kuwa da zarar ya bugi hancina sai in ajiye littafin da ke hannuna, in gan ni a birnin Katsina ina ɗan shekara goma sha wani abu, na riƙe sandar kakana ta gaba, shi ya riƙe ta ta baya.

Kakan nan nawa shi ne limamin ƙauyenmu, can wajen Rawayau a ƙasar Kurfi. Kowa Malam yake ce masa, har mu jikokinsa. A lokacin da nake ba da labari, wato 'yan shekaru kafin a ba ƙasar nan 'yancin kai, yanar ido ta riga ta kama shi. Yana bambance haske da inuwa, yana gane mutum da muryarsa, amma fuska ta fi ƙarfinsa. Ni kaɗai aka sa makarantar boko a gidan, a Dutsin-Ma, saboda haka in na zo hutu ba ya kirana da komai sai "ɗan boko". Yaro ne ni marar magana. In baƙo ya gaishe ni sai in sunkuyar da kai kamar amsar tana ƙasa. Abin da na iya shi ne kallo, da riƙe abin da na gani.

A gidanmu cin abinci yana da doka, ko da yake ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya karanta mana ita. Da almuru akan fito da akussa zaure, maƙwabta su kawo nasu, a shimfiɗa tabarma, a wanke hannu, kowa ya ci gabansa ba surutu. Baƙon da ya sauka ba a tambayarsa daga ina yake sai ya ƙoshi. Amma ka tsaya a kasuwa kana tauna, ko ka zauna a rumfar mai sayarwa kana kai loma mutane na wucewa suna kallon bakinka, wannan aikin wanda ba ya da gida ne. Kuma ba al'ada ce kawai ba. Malaman wancan zamani sun karantar cewa dattijon da ke cin abinci a kasuwa ya zubar da mutuncinsa, alƙali kuma yana iya ƙin karɓar shaidarsa saboda wannan kaɗai. Ka riƙe wannan, mai karatu, domin a kansa labarin ya tsaya.

Akwai wata Bafillatana da rugarsu ke bayan ƙauyenmu, wadda tun tana budurwa take kawo wa gidanmu nono. Ba 'yar'uwarmu ba ce ta jini, amma mu yara Gwaggo muke ce mata. Malam ne ya ɗaura aurenta da wani manomi na wajen Zobe, tun ba a yi mafarkin dam a wurin ba, kuma a gabansa mijin ya ba ta wata 'yar fadama a bakin gulbi a matsayin sadaki. Da mijin ya rasu ya bar ta da yara ƙanana, fadamar nan ce ke ciyar da su: rake, albasa, dankali, da abin da rani ya bayar. Sai ƙanen mijin ya tashi ya ce fadama gadon gidansu ce, ba a taɓa ba kowa ita ba. Magana ta faro daga Dutsin-Ma har ta kai gaban babban alƙali a birni. Ɗaya mutumin da ya shaida ɗaurin auren tare da Malam ya rasu. Aka ce in an sami shaida guda adali, ita kuma ta rantse, fadama tata ce. Shaida gudan nan shi ne Malam. In shaidarsa ta faɗi, Gwaggo da marayunta ba su da inda za su kafa fartanya.

Da damina ne, gero ya kai ƙugu, makaranta na hutu. Aka ce ni zan ja wa Malam sanda. Kakata ta ɗaure mana guzuri a jakar fata, garin gero da ta daka da kayan yaji, da dabino, da ƙuli-ƙuli. Muka taka zuwa Kurfi, muka hau babbar mota mai bodin katako. Ba mu yi nisa ba ruwa ya sauko, tamfol ɗin motar kuwa duk huji ne. Kafin mu ga ganuwar Katsina rabin garin ya jiƙe ya fara tsami.

A tasha wani mutum ya ratso jama'a ya zube gaban Malam. Babbar riga gare shi mai sitati, hula a karkace, da agogo a hannu wanda yake ta ɗaga hannun riga don a gani. Tsohon ɗalibin Malam ne da ya bar karatu ya zama ɗan kamasho, wato mai tara wa direbobi fasinja.

"Allah gafarta Malam, ai ba ka da masauki a garin nan sai gidana. In ka sauka wani wuri ka kashe ni da kunya."

Malam ya yi niyyar sauka gidan wani abokin karatunsa ne, amma ba ya iya watsa wa ɗalibi ƙasa a ido. Ni dai na yi mamakin yadda aka yi mutumin ya san motar da za mu zo a ciki. Abin da ba mu sani ba sai daga baya shi ne, ɗiyar abokin shari'ar Gwaggo yake aure.

Gidan nasa ɗaki biyu ne da tsakar gida kamar tafin hannu. Abin da na fara lura da shi shi ne murhu. Toka ta yi sanyi, har gizo-gizo ya fara saƙa tsakanin duwatsun. Ya ce matarsa ta tafi ganin gida.

"Amma ba komai, Malam. A birni ba wanda ke jiran tukunyar gida. Ko manyan ma'aikatan hukumar En'e a waje suke ci. Mu taka nan kusa, akwai wata mai tuwo, hannunta kamar na aljanna."

"To, Allah ya ba su lafiyar ciki," in ji Malam. Ya laluba ya jawo jakar guzuri.

Washegari muka je kotu aka ce alƙali ya tafi ta'aziyya, a dawo. Muka dawo aka ce a sake dawowa. Haka kwanaki suka yi ta miƙewa, guzuri yana ta gajercewa. Malam ya ɗauki azumin nafila. Da rana ta faɗi sai ya ci dabino biyu ko uku, in dama masa garin nan mai tsami da ruwa a moɗa, ya sha ya yi hamdala kamar an yanka masa rago. Ko a sayo masa abincin rumfa a kawo gida ba ya yarda, don bai san hannun da ya dafa ba. Gwaggo, wadda ta sauka a wata ruga ta danginsu bayan ganuwa, ta zo wata safiya da ƙwaryar nono rufe da faifai. Ya ji ƙamshin, na ga maƙogwaronsa ya motsa.

"Mayar da abinki, ɗiyata. Wanda zai yi maki shaida ba ya shan nononki sai an gama."

Ta tsuguna a bakin ƙofa ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi.

Ni kuwa Malam bai yarda in bi shi a yunwar ba. Ya ce, "Ɗan boko, tashi ka bi mai masaukinmu ka ci. Kai ba mai neman shaidarka sai ka yi gemu."

Ta haka na zama wanda ya zaga gidajen abincin birnin Katsina na wancan lokaci, ba da son raina ba. Mai masaukin namu ya ɗauki abin kamar yana nuna mini fadar wani sarki. Ina jin so yake in dawo in kwaɗaitar da Malam.

Inda ya fara kai ni rumfar 'yan tuwo-tuwo ce a gefen tasha. Rufin kwano ne a kan dirkoki, hayaƙi ya mayar da shi baƙi ƙirin, da dogayen bencina da maiƙo ya sa suna sheƙi. Kwata ta bi ta bakin ƙofa, sai ka tsallake ta kafin ka shiga, kuma duk abin da aka zubar a ciki nan yake tsayawa yana jiran ruwan sama. Ruwan wanke hannu guda ne a daro, tun na farkon safiya. Wanda ya zo da azahar, in yana son hannunsa da tsabta, gara ya bar shi yadda ya zo da shi. A cikin wani daron ake tsoma kwanon da wani ya gama lashewa, a girgiza shi sau ɗaya, a miƙa wa na gaba da ɗigon miyar na baya a gefensa. Nama kuwa tsamo shi ake yi da ludayi a nuna maka kamar za a aura maka shi. In ka ce ya yi ƙanƙanta a mayar da shi tukunya a tsamo maka wani, wanda wani ya riga ya raina.

Amma ba ƙazantar ce ta fi tsaya mini a rai ba. Awon ne. Ban taɓa ganin an auna wa mutum tuwo daidai aljihunsa ba sai ranar. Mai tuwon takan dubi abin da ka miƙo, sannan ta yanki malmala daidai da shi, in mara ta ɗebo fiye da haka ta gutsure ta mayar. Na ga wani ɗan dako ya gama nasa, ya suɗe yatsu, ya zauna yana kallon kwanon na kusa da shi. Kafaɗarsu na gogar juna, amma na kusan bai ce masa bismilla ba. Sai ma ya ƙara jawo kwanonsa jikinsa. A ƙauyenmu ko kare ka kalla haka sai ka jefa masa loma. Ga surutu. Kowa na magana da tuwo a baki, ana gardamar siyasa, ana yi wa mai tuwon ba'a, tana ramawa da kalmomin da ban taɓa jin mace ta furta ba. Na karɓi kwanona na juya fuskata ga dirka na ci abin da zan iya.

Wata rana ya ce yau wurin manya za mu. Wannan shi suke kira otal, kusa da gidan silima. Nan akwai tebura da kujerun ƙarfe, da garmaho yana ta kuka a kusurwa. Akawuna ne ke zuwa, da laktaye a wuya cikin wannan zafi, suna cin shinkafa da cokali mai yatsu. Na zauna ina kallon wani yana bin ƙwayar wake guda kewayen faranti, tana zille masa, shi kuwa ya gwammace ya mutu da ya sa hannun da Allah ya ba shi. Akwai boyi mai tawul a kafaɗa. Da tawul ɗin yake goge tebur, da shi yake goge faranti kafin ya ajiye maka, kuma da ya juya baya na ga ya share gumin wuyansa da shi. Miyar ja ce wur, manja na yawo a samanta, ba daddawa, ba ɗanɗanon komai sai zafi. Ƙudan da ke rumfar tasha su ne dai a nan, sai dai a nan suna sauka a kan ƙyallen tebur.

"Ka gani, ɗan boko? Nan ne wurinku in kun gama makaranta," in ji mai masaukinmu, yana sakace haƙori da tsinken ashana.

 A raina na ce, in nan karatun boko ke kai mutum, an cuce mu da tafiyar ƙasa zuwa Dutsin-Ma.

Akwai wasu wuraren, na bakin kasuwa da na bayan masana'antar fata, inda warin jima ke shiga miya tun kafin ta sauka daga wuta, da teburin mai shayi inda manya masu gemu ke tsoma burodi a kofi suna tsotsa kamar jarirai. Ba zan gajiyar da kai da su ba. Duk ɗaya ne, daro guda, tsumma guda. Abin da ya kamata ka sani shi ne, kusan duk inda muka shiga sai mun tarar da wasu abokan mai masaukinmu su biyu, dogo mai haƙorin gwal da gajere mai tumbi. Ba su da aikin da na gani sai ci. Dogon yana son ƙashi, yakan tsotse shi har ya yi fito. Gajeren kuwa da tafin hannu yake kwasar miya.

Da yamma in mun koma, Malam yakan ce, "To, ɗan boko, mi ka gano yau?" Da shi kaɗai bakina ke buɗewa. Sai in zayyana masa komai, daron, tawul ɗin, akawu da wakensa, dogo da gajere da abin da kowannensu ya ci. Yana dariya har kafaɗunsa na rawa, ko da yake na ga kullum rigarsa tana ƙara yi masa yawa. Mai masaukin bai fasa ba. Yau ya ce Malam ya zo ko albarka ya sa wa wurin, gobe ya ce mai tuwon ce ke son a yi mata addu'a. Malam yakan ce addu'a tana isa daga nan.

Ranar da aka ce mana gobe tabbas alƙali zai zauna, muna dawowa daga kotu da azahar sai hadari ya taso daga gabas. Muna daidai bakin kasuwa ruwa ya tsuge. Mai masaukinmu ya fizge sandar daga hannuna.

"Ta nan, Malam, ta nan! Ga zauren wani abokina, mu fake."

Kafin in cim musu ya riga ya tsallakar da tsohon kwata ya zaunar da shi a benci. Na kutsa na kai bakina kunnensa na ce, "Malam, rumfar tuwo ce." Ashe hancinsa ya riga ni gaya masa. Amma tuni an dire kwano a gabansa yana tururi, mai masaukin kuwa ya ɗaga murya yadda duk rumfar za ta ji.

"A ƙara wa Malam miya! Limami guda ne, daga ƙasar Kurfi!"

Kowa ya waiwayo. Malam ya cusa hannayensa biyu cikin hannun rigarsa, ya miƙe tsaye. "Ɗan boko, sandata." Na ɗauko ta, muka fita cikin ruwan. Muna tafe rawaninsa ya jiƙe ya saki yana zuba a kafaɗarsa, takalminsa guda ya maƙale a taɓo na koma na ciro. Sai da muka yi nisa sannan ya tambaye ni.

"Su wa ke ciki?"

Na ce, "Dogon nan da gajeren nan. Suna benci na gaba da naka."

"Mi suke yi?"

"Ci suke yi. Tuwon dawa da miyar kuɓewa ɗanya. Dogon yana ta jan hanci, yana share ido da bayan hannu."

"To," in ji shi.  Muka koma masaukin, ya gaisa da mai gidan kamar ba abin da ya faru, har ya yi masa sannu da ruwa.

Kotun wani babban soro ne mai sanyi. Alƙali yana zaune a kan shimfiɗa da littattafai gefensa, marubucinsa na kusa da shi, 'yan doka a bakin ƙofa. Gwaggo ta tsuguna can gefe ta ja mayafi har goshi. Na zaunar da Malam na koma bayansa. Da aka nemi shaidarsa ya faɗi komai a tsanake, yadda aka ɗaura auren, da abin da mijin ya furta da bakinsa, da iyakar fadamar daga gindin wata giginya zuwa bakin gulbi. Sai alƙali ya juya ga ƙanen mijin ya yi masa tambayar da akan yi, ko yana da suka a kan wannan shaida.

Ya ce yana da ita. Ya ce wannan tsoho mai cin abinci ne a kasuwa, jiya-jiyan nan aka gan shi a rumfar 'yan tuwo-tuwo da kwano a gabansa, kuma ga mutum biyu da suka gani da idonsu. Aka shigo da dogo da gajere, sun sha wanka, kowanne da carbi a hannu. Suka faɗi abin da aka kawo su su faɗa. Soron ya ɗauki ƙus-ƙus. Na dubi Gwaggo, na ga ta dafa ƙasa da hannu biyu kamar mai jin jiri.

Malam ya gyara zama. "Allah gafarta alƙali, ni ido ya ƙi ni, ban ga bayin Allah nan ba. In da gaske suna wurin, su faɗi miyar mi aka zuba mani."

Gajeren ya yi caraf, don ya nuna lallai yana nan. "Kuɓewa ɗanya, Allah gafarta alƙali, da tuwon dawa!"

"Haka ne kuwa," in ji Malam. "Sai dai na ji kamar lami ce, ba ta ji yaji ba."

"Wane lami?" in ji dogon, haƙorinsa na walƙiya. "Miyar da sai da ta sa ni hawaye?"

 Alƙali ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce, "Ashe ka ɗanɗana."

"A'a, wato, fakewa muka shiga yi."

"Kai kuma fa?" ya tambayi gajeren. "A ina kake cin abincinka?"

"Allah gafarta alƙali, mu ai kullum can muke..." Sai ya tsaya, bakinsa a buɗe.

Alƙali ya ce, "Kun zo ku kayar da shaidar dattijo da laifin cin abinci a kasuwa, ga shi da bakinku kun ce can kuke ci. To wa zai karɓi taku?" Wani ɗan doka ya fashe da dariya ya mayar da ita tari. Alƙali ya juya ga Malam ya tambaye shi ko ya ci. Malam ya ce an dai ajiye masa kwano, amma azumi yake, bai sha ruwa ba sai da rana ta faɗi. Aka ba Gwaggo rantsuwa ta rantse. Fadama ta zauna a hannunta.

Da muka fito, mai masaukinmu ya ɓace, ko agogonsa ba mu sake gani ba. Gwaggo ta ruga gindin wata bedi inda ta ba wata 'yar'uwarta ajiyar ƙwarya, ta dawo ta durƙusa gaban Malam a bakin hanya, ta ɗaga faifan.

"Yanzu fa, Malam? Ai an gama."

"A kan titi, ɗiyata? Bayan duk wannan?"

Ta rufe baki da mayafi tana dariya tana hawaye. Haka ta rungumi ƙwaryar nan a cinyarta cikin mota har Kurfi, ta ɗora ta a ka muka taka har ƙauye. Sai da Malam ya zauna a kan buzunsa a zaurensa, aka kawo ruwa mai tsabta a buta ya wanke hannu, aka kira maƙwabta, sannan kakata ta dama fura da nonon. Ya yi tsami ƙwarai saboda tafiya. Ya sha ludayi bayan ludayi ba magana. Da na matso da nawa ludayin sai ya tare ƙwaryar da hannu.

"Kai ɗan boko, matsa can. Wanda ya ci tuwon birni da cokali mai yatsu, mi zai yi da furar ƙauye?"

Sannan ya turo mini ita gabana.

Gwaggo ta ci fadamarta har ƙarshen ranta, 'ya'yanta suka girma a kanta. Duk rani sai ta aiko mana da damin rake. Daga baya aka yi dam, ruwa ya hau, yanzu giginyar da fadamar duk suna ƙarƙashinsa, masunta na wucewa ta kansu da kwalekwale ba su san an taɓa yin shari'a a kan wurin ba.

Rumfunan da na raina kuwa ba su mutu ba, biyo ni suka yi har gida. Yau a Dutsin-Ma daga bakin tasha har hanyar Kurfi gidajen abinci ne jere. Sun sami fenti da fanka da talabijin, daron ya koma roba, amma na leƙa ta bayan katangata na ga tsumman nan yana nan, guda ɗaya. Alhazai na ci a ciki, malamai na ci, wani ma a kan babur yake ci, hannu guda a leda, guda a waya. Kwanakin baya aka kira ni shaidar cinikin wani fili. Ɗayan shaidan ya zo da tsire a takarda, yana ci yana sauraro, ya goge yatsunsa a gefen kujera ya sa hannu. Ba wanda ya ga wani abu a ciki. Da na ba babban jikana labarin nan, dariya ya yi, ya ce to Alhaji, in da wannan doka na aiki yau ai da kotuna sun rufe don rashin shaidu. Sannan ya ce in shirya, ranar Juma'a zai kai ni wani sabon wuri mai sanyi in ci abin da ban taɓa ci ba.

Na ce masa ya je ya ci, shi da sauransa. Ni na yi gemu tuni, har ya yi fari. Ba wanda ya taɓa tambayata inda nake cin abinci kafin ya karɓi shaidata, kuma na san ba mai tambaya har in koma ga Allah. Duk da haka, in la'asar ta yi sanyi, a zaure nake sa a shimfiɗa mini tabarma, in sa a bar ƙofa a buɗe, ko wani zai wuce in ce masa bismilla.